Yadda Ake Tsare Ƙwauri Daga Takobin Yayan Bazawara

Kai da kake neman aure a gidan masu takobi, matso kusa. Dabarar da zan koya maka tabbas ce. In ka bi ta daki-daki, za ka shiga filin wasa da ƙafa biyu, ka fito da ƙafa biyu, ka kuma fito da mata. An gwada ta a kwarin Tarka ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ta kuwa ci. Wanda ya gwada ta Mato ne, telan kasuwar Tanut. Ni a gefen fili nake zaune ina kallo, don nan ne wurin zaman ƙwararru.

Mataki na ɗaya: Ɗauki ilimi ta taga

Kada ka je wurin tsohon mayaƙi, gumi kawai zai sa ka. Mato a barikin sojan Damagaram ya yi nasa karatun, lokacin yana yi wa wani kaftin Bafaranshe guga. Kullum da la'asar kaftin da abokinsa sai su sa fararen kaya, su kifa wani abu kamar rariya a fuska, su ɗauki takubba sirara kamar tsinken tsire, su yi ta tsalle gaba da baya. Hannun Mato na kan guga, idonsa na taga. Ya ƙona wando ba ɗaya ba, amma ilimi kam ya kwasa.

Ga abin da ya fi riƙewa. In sara ya zo ta ƙasa-ƙasa, kaftin kan murɗa wuyan hannu, tsinin takobi ya kalli ƙasa, ya share na abokin zuwa gefe. In kuwa abokin ya kuskure ya taɓa shi ƙasa da ƙugu, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Alta!" wato a tsaya, wannan ba ta ci ba. Ka gane? A wasan Nasara mutum daga ƙugu yake farawa. Ƙafa aikinta kawai ta kawo shi wurin.

Mataki na biyu: Faɗi iliminka inda za a ji

Ilimin da ba a ji ba, asara ne. Raishatu bazawara ce, ƴar Abzinawan Tarka, tana kawo cuku ranar kasuwa, kuma rumfarta na kallon ta Mato. Sonta ya kama shi kamun da har ya taɓa ɗinke bakin aljihun wani liman yana satar kallonta. Ita ma in ta zo, cukun da ya fi laushi shi take ajiye wa, sai ta ce wai ya ƙi sayuwa ne.

Rannan yayanta Aghali ya rako ta, takobi rataye a kafaɗa. Mutumin kirki gaisawa zai yi ya koma kan kekensa. Kai kada ka yi haka, yi irin ta Mato.

"Yaya, takobin nan naka yana da kyau," in ji shi, "sai dai riƙon na mutanen da ne. Mu da muka karanci abin a bariki, ba haka muke yi ba."

Aghali bai yi fushi ba, abin da ya kamata ya tsorata Mato ke nan. Ya gyara amawalinsa a hankali ya ce, "Ashe malami muke da shi a kasuwa. Akwai suna a zangonmu, za a yi wasa, ka zo ka koya mana. Dama Baba ya ce ba zai ba da Raishatu ga wanda ba a ga tsayuwarsa ba."

Da ya tafi, Raishatu ta dubi Mato ta girgiza kai. "Tela, bakinka ya fi kekenka gudu."

Mataki na uku: Yi gwaji da wanda ba ya ramawa

Mato ya ɗauki sandar awon yadi, ya jingina buhun gero da bango. Ya tare, ya share, ya soka. Har ranar tafiya buhun nan bai taɓa shi ko sau ɗaya ba. Babu abin da ke ƙara wa namiji ƙarfin zuciya kamar wannan.

Mataki na huɗu: Ƙi garkuwa

Ranar suna Mato ya sami zango cike. Mata sun ɗaure fata a bakin turmi suna kiɗan tende, maza sun yi da'ira. Tsoho Attahir, uban Raishatu, yana can nesa cikin tantinsa da carbi. Ya daina fitowa kallon wasa, abin da Aghali ya kai masa da yamma shi ne hukunci. Mato ya san da haka, ya kuma san in aka kai labarin faɗuwa, maganar aure ta faɗi tare da shi.

Aka ba shi takobi, aka ce da faɗinsa ake bugu ba da kaifi ba. Sannan aka miƙo masa garkuwar fata, doguwa, daga haɓa har ƙwauri. Ya dube ta ya yi murmushi, ya ce kaftin bai taɓa shiga wasa da ƙyauren ɗaki a hannu ba.

Wani dattijo, Hamidu, ya ce, "Ɗana, ka tambayi abin da ya sa aka yi ta doguwa?"

Bai tambaya ba. Kai ma kada ka tambaya, tambaya tana rage kwarjini. Amma tunda mu biyu ne, zan gaya maka. Mutanen nan a kan raƙumi kakanninsu suka yi faɗa, kuma abin da ya fi kusa da kai a jikin mai raƙumi ƙafarsa ce. Takobinsu yana fara aiki ne daidai inda na kaftin ke tashi daga aiki.

Mataki na biyar: Tare saran ƙasa yadda aka koya maka

Tsaya a karkace. Lanƙwasa gwiwa. Ɗaga hannun hagu ta baya kamar wutsiyar kunama. In masu kiɗa suka ɓata kiɗa don dariya, kamar yadda suka yi wa Mato, ka ɗauka yabo ne.

Aghali ya zagayo, ya sunkuya, ya kawo sara. Wallahi Mato ya yi abin nan tsaf. Ya murɗa wuyan hannu, tsini ya kalli ƙasa, ya share iska daidai ƙugu. Da kaftin na nan da ya tafa masa. Takobin Aghali kuwa ta ƙarƙashi ya wuce abinsa, ya sauka a ƙwaurin dama, fau.

Mato ya ga taurari da rana tsaka, amma bai manta karatu ba. Ya ɗaga hannu. "Alta. Wannan ba ta ci ba, Yaya, ƙasa da ƙugu ce."

Aghali ya tsaya, don shi mutum ne mai son fahimta. "Ƙafar ba taka ba ce?"

"Tawa ce."

"To, ta ci."

Mato ya ja da baya, ya sake tsayuwar kunama, ya sake tarewa mai kyau. Ƙwaurin hagu ya karɓi rabonsa. A nan ya waiga wajen mata yana neman Raishatu, ko kallonta ya ba shi ƙarfi. Ba ta nan. Wurin zamanta wayam, sai ƙwaryarta. Ya ce a ransa shi ke nan, kunya ta kore ta, ya jawo wa kansa da bakinsa. Wannan ya fi ƙwaurin biyu ciwo, kuma ba kaɗan ba.

Mataki na shida: In ƙafa ta ƙi tsaruwa, ɓoye ta

Wannan shi ne sirrin duka, kasa kunne. Mato ya yi ta ja da baya, Aghali na bin sa, har suka kusa bakin da'ira. Sara na uku ya taso. Gwiwoyin Mato ba su yi shawara da shi ba, suka nannaɗe. Ya zube tsugune, riga ta rufe ƙafafu ruf, takobi ya faɗi gefe, ya runtse ido, ya sunkuyar da kai. Bakin Bahaushe kuwa, da zarar gwiwa ta kai ƙasa, abu ɗaya ya sani.

"Ina wuni, Baba."

Sara bai sauka ba. Kiɗa ya tsaya. Sai wata murya mai rawa ta ce, "Lafiya lau, ɗana."

Mato ya buɗe ido ɗaya, ya ga takalman tsoho Attahir a gaban hancinsa. Aghali ya riga ya sauke takobi, ya ja amawali har ƙarƙashin ido, don babu ɗan da zai bugi mutumin da ke gaida ubansa.

Tsohon ya ce, "Na ga masu sara iri-iri. Ban taɓa ganin wanda takobi na zuwa kansa ya ajiye nasa don gaida babba ba. Aghali, yaron nan ya fi ka kunya."

In ka kai nan, kada ka yi gaggawar tashi. Ja gaisuwar. Mato ya tambayi lafiyar raƙuma, ya tambayi awaki, ya tambayi rijiya, ya tambayi mai jego da jinjiri, ya koma kan raƙuma. Bai miƙe ba sai da aka kira sallah, fili ya watse. Kafin magariba tsoho ya ce a turo manya.

Mataki na bakwai: Kada ka nemi sanin yadda aka yi

Wannan matakin ne Mato ya karya. Yana zaune bayan tanti, ƙwauri ya kumbura kamar tulu, Raishatu na gasa masa da ruwan zafi da man shanu, sai bakin nan ya sake motsi.

"Kin ga yadda na hango Baba ta wutsiyar ido? Wannan ma a bariki na koya."

Ta matse tsumma ba ta ɗago ba. "Idonka a rufe yake, Tela. Tun saran farko na tashi na je na gaya masa baƙo na son gaishe shi, kunya ta hana. Ni na riƙo hannunsa, na tsayar da shi inda za ka faɗi."

Mato ya dube ta. "Ya aka yi kika san inda zan faɗi?"

"Kai ai ba ka san gefe ba. A miƙe kake ja da baya, kamar ɗinkinka."

Idonsa ya ciko, ya ce ruwan ne ya yi zafi. Can ya ce, "To kin ga ban iya komai ba. Don me kika yi?"

"Ba mai takobi na zo nema a kasuwa ba, muna da su har sun yi yawa," in ji ta. "Miƙo ɗayar ƙafar."

Gargaɗi

Ni dai na faɗi abin da na gani. In ka bi matakan nan ka tsuguna, ka buɗe ido ba ka ga takalman kowa ba, kada ka neme ni, kada ka turo mini ƴan uwanka, ban san ka ba. Dabarar ba ta taɓa faɗuwa ba, amma akwai kayan aiki ɗaya da ba maƙerin da ke ƙera shi. Kafin ka shiga fili, waiga wajen mata ka duba ko akwai wadda za ta tashi ta bar ƙwaryarta dominka. In babu, karɓi garkuwar.