Waya a Motar Katsina

Ina cikin mota daga Daura zuwa Katsina abokina ya kira ni a waya, muka shiga gardama kan wani mai takobi na labaran zanen Japan da muke karantawa. Na ɗaga murya irin ta masana: "Wallahi ɓoye ƙarfinsa yake yi! Ranar da ya kwance hannun hagun nan, ba wanda zai tsira a garin."

Mota ta yi tsit. Na zaci hujjata ce ta ratsa fasinjoji.

A shingen Mashi direba ya sauka, ya yi wa ɗan sanda raɗa.

Ɗan sandan ya leƙo ya ce mini, "Malam, sauko. A wane daji ubangidan naka yake?"

Ni, uban 'ya'ya huɗu, na tsaya a rana ina nuna zane a waya.

Har yau in na shiga tasha sai direbobi su ce, "A ba shi gaban mota, kada ya kira mana ubangidansa."