Ranar da Na Yi Ciniki a Durƙushe

Ba zan taɓa mantawa da waccan bazarar ba, ko da ma na so mantawa, mutanen tashar Gazawa ba za su bari ba. Abin da na fita da shi daga gida ran nan ba shi da yawa: kamiyo ɗaya, wato babbar motar kaya, da babu komai a bayansa, babbar riga ɗaya ta shadda wadda ban taɓa sawa ba sai ranar, da sunan da na daɗe ina tarawa, na mutumin da ba a kayar da shi a ciniki. Abin da na tafi nema kuwa aya ce.

Sana'ata ke nan, sayen aya. Da tiya na fara, ina bin kasuwannin ƙauye a kan keke, har Allah Ya kai ni ga mota. A shekarar da nake ba ku labari aya ta yi wuya. Akwai wani babban mai saye a ƙetaren iyaka da muka daɗe muna hulɗa, ya aiko ya ce in cika masa mota kafin ruwa ya sauka, in ba haka ba zai nemi wani. Na zaga duk kasuwannin wajenmu, abin da na samu bai isa a yi wa gida ɗaya kunu ba. Sai direbana Bitrus ya ce akwai wani tsoho a garinsu, can wajen Sae Sabuwa, ana ce masa Baba Ishaya, wanda ya ajiye ayar da za ta cika motata har a bar saura. Ya ce amma in yi sauri, don abokin gasata, Alhaji Sale na Maradi, ya riga ni, ya kwana biyu yana zarya.

Kafin mu je, bari in gaya muku abu biyu game da ni. Na farko, dabarata ɗaya ce a ciniki, kowa ya san ta amma har yau tana ci: tashi. In mai kaya ya faɗi kuɗinsa, sai in yi 'yar dariya, in miƙe, in kakkaɓe riga, in kama hanya. Ban taɓa kaiwa bakin ƙofa ba a kira ni ba.

Na biyu, ba na kashe kuɗi a kan abin da ido ba ya gani. Ina da wata singileti da ta girmi ɗana na fari. Ta huje ta gaba, ta huje ta baya, wuyanta ya saki har ya kusa zama wata ƙofar. Matata Hajiya ta sha ɗauke ta ta kai madafa don sauke tukunya, ni kuma in bi in ɗauko abata. Da safen nan zafi ya yi zafi, na ce ba zan sa 'yar ciki ba, singileti ta isa. Ina ɗaura wando mazagi ya tsinke, na jawo igiyar ɗinkin buhu na zura. Hajiya na tsaye tana kallo.

"Alhaji, shadda a sama, bola a ƙasa?"

Na ce, "Wa zai gani?"

(Ku riƙe wannan tambayar, za a amsa ta.)

Mun isa garin ranar kasuwa, rana ta take tsaka. Bitrus ya ce a wannan lokacin ba a samun Baba Ishaya a gida, yana harabar cocinsu. Wai duk ranar kasuwa, daga tsakar rana zuwa gab da azahar, suna yin kiɗa da waƙa a ƙarƙashin dogon yaro, kowa ya zo ya zauna a inuwa, Musulmi da Kirista, ya sha kunun aya mai sanyi, ya saurara, ya koma harkarsa. Baba Ishaya ne ya fara abin, kuma ayarsa ake niƙawa.

Na ce, "Nawa ake biya?"

"Kyauta ne, Alhaji."

"To a ina suke ci?"

"Ba su ci ko'ina. Kyauta ne."

Na yi murmushi kawai. Yaro ne, bai san duniya ba. Ni tun da nake ban taɓa ganin an buga ganga a banza ba. A bakin harabar kuma sai ƙafar mota ta sace, Bitrus ya ce in shiga, zai kai ta wajen mai faci ya dawo ya nuna mini tsohon. Na ce ya tafi, ai mai dukiya ba ya ɓoyuwa.

Wurin cike yake. 'Yan kabu-kabu sun jingine baburansu, ga Fulani masu nono sun sauke ƙore, ga dillalan awaki, ga wani jandarma yana gyangyaɗi a kan benci. A gaba mata sun yi layi cikin zane iri ɗaya, wasu na buga tulu, wasu na kaɗa caki, wani saurayi na riƙe da jita. Gefe guda kuma wani siririn tsoho, da koɗaɗɗiyar taguwa da takalmin taya, ya rataya ganga ya rufe ido yana dukanta kamar shi kaɗai ne a duniya. Gaskiya kiɗan ya yi daɗi. Na kama ƙafata tana motsi, na tsawata mata.

Ido na fara rabawa. Can a layin gaba na hango Alhaji Sale, ya harɗe, yana shan kunu. Kusa da shi wani ƙaton mutum ne, ga tumbi, ga kwat a cikin wannan zafin, ga tabarau, an ba shi kujerar roba mai hannu. Na ce a raina, shi ke nan, ga Baba Ishaya. Kuma ga Sale ya manne masa.

Wata mata ta miƙo mini kofin kunu. Na sha, na sa hannu a aljihu.

"A'a Alhaji, kyauta ne."

"To ina farantin makaɗa?"

"Babu faranti. Mu dai ka ji daɗi."

Yanzu ku duba lissafina, don kada ku ce hauka ce zalla. A kasuwa in ka taya kaya aka ce maka albarka, ba kora ba ce, ana nufin ƙara. Sai na ɗauka wannan "kyauta ne" ita ce albarkarsu: suna so su ga wane ne mai kunya, wane ne mai hannu. Ga Sale ya sha kunun mutane ya yi zaune kamar turmi, ko dala bai fitar ba. Na ce yau zan nuna wa mai kwat bambancin ɗan kasuwa da mai saye da sayarwa. Kuɗi kowa na iya liƙawa. Amma mu tun muna yara mun san abin da manya ke yi in kiɗa ya ratsa su: riga suke tuɓewa su ba makaɗi. Har na lissafa, shadda ɗaya a kan mota guda ta aya, ai araha ce.

Na miƙe. Na taka a hankali, ina baza hannun riga, har tsakiyar fili. Na duba ko akwai sanƙira da zai yi shela, babu. (A nan ya kamata in gane wani abu. Ban gane ba.) Sai na yi wa kaina sanƙira. Na ɗaga murya yadda mai kwat zai ji:

"Jama'a ku shaida! Ni baƙonku ne daga Gazawa. Kiɗan tsohon nan ya biya ni. Na ba shi rigar nan, ya sa, ya huta da yawo cikin tsumma. Mu a wajenmu ba mu barin makaɗi ya kwana da yunwa!"

Na kama riga na yi sama da ita. Wanda ya taɓa tuɓe sabuwar shadda mai sitaci cikin gumi ya san ba ta fita da mutunci. Ta maƙale a wuya, hula ta faɗi ta gangara, ni kuma ina ciki ina kokawa, hannu biyu a sama. Ina cikin duhun rigar na ji jita ta yi shiru. Caki ya bi. Tuluna suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Ganga ce ta ƙarshe.

Da na fito, na yafa wa tsohon rigar a kafaɗa, na juya ina jiran guɗa. Sai na ji iska tana shafa ni a wuraren da bai kamata ba. Na dubi ƙasa. Ga singileti. Ga cibiyata ta leƙo ta babbar hujin gaba tana kallon jama'a, ita ma kamar ta zo sauraron kiɗa. Ga igiyar buhu ta yi tsalle ta fito, da ɗaurin da nake yi wa bakin buhun aya.

Wata daga cikin matan ta sa bakin zane ta toshe baki. Ta kusa da ita ba ta samu zane da wuri ba. Jandarman nan ya farka.

Tsohon ya dubi shaddar, ya dube ni daga sama har ƙasa, ba fushi ko kaɗan a fuskarsa.

"Ɗana, na gode ƙwarai. Amma tsakanina da kai, wa ya fi bukatar rigar ga?"

Wurin ya fashe. Alhaji Sale har kunu ya sarƙe shi, mai kwat na buga masa baya. Daidai nan Bitrus ya shigo yana goge hannu da tsumma (tsumman ya fi singiletina lafiya), ya tsaya, ya washe baki.

"Kai, Alhaji, ashe har kun gaisa da Baba Ishaya!"

Na nuna mai kwat da ido. Bitrus ya ce, "Wancan? Tsohon malamin lakol ne, makarantar boko. Ko kunun da yake sha na Baba ne."

Jama'a, mutumin da na zo roƙo ya sayar mini da aya, mai gonakin da sai an hau amalanke ake zaga su, shi na tsaya gaban garinsu na ce zan raba da yunwa.

Abin da ya rage kawai shi ne ban haƙuri. Na zube gabansa na durƙusa da sauri. Sai na ji ɗas. Igiyar buhu an yi ta don buhu ne, kuma buhu ba ya durƙusawa.

Na dafe ƙugu da hannu ɗaya, na ce, "Baba, ka yafe ni, ban sani ba."

"Babu komai, ɗana. Tashi."

"A'a Baba, bar ni a nan."

"Haba, ya isa. Tashi mana."

"Wallahi Baba nan ya fi mini."

Sai ya juya ga jama'a ya ce su ga ladabi, wai rabon da ya ga mai mota ya durƙusa haka har ya manta. Ban sani ba ko ya ji ƙarar igiyar. Na daɗe ina tunanin wannan, kuma yadda idonsa ke rawa, na fi zaton ya ji.

Ya ce, "Bitrus ya aiko mini cewa aya kake so. Alhaji Sale ya kwana biyu yana taya ta, kullum sai ya tashi ya tahi, ya dawo. Na gaji da masu tashi. Kai tun da ka zauna, ga kuɗinta." Ya faɗi kuɗin, gaban kowa.

Kuɗin ya yi sama. Ba zalunci ba ne, amma da a tsaye nake, da riga a jikina, na rantse sai na sauke shi. Jikina ma da kansa ya fara shirin dabarar: dariyar ta zo, gwiwa ta motsa. Sai wando ya tuna mini halin da muke ciki. In na miƙe, shi ba zai miƙe tare da ni ba. Ga mata sun fi ashirin a gabana, ga jandarma.

Na ce, "Na saya."

Sale ya ce, "Kai mutumin Gazawa, ko tayi babu?"

Na ce, "Ba a ja da manya." (Ƙarya nake. Na ja da waɗanda suka girme shi.)

Baba Ishaya ya ce rigar kuwa ya karɓa, don kyautar da aka yi gaban shaidu ba ta komawa. Amma dole ya ba da tukuici. Ya tuɓe koɗaɗɗiyar taguwarsa, wadda na kira tsumma, ya miƙo mini. Ya zura shaddata, ta yi masa yawa har tana jan ƙasa, ya gyara ganga, ya ce wa matan su tashi waƙa. Suna farawa, hankali ya koma can, Bitrus ya kawo igiyar ɗaure tamfol daga mota, na ja da baya a tsugune kamar agwagwa har bayan dogon yaro. A cikin taguwar nan na yi sallar azahar a masallacin kasuwa, maɓalli ɗaya kawai ya yarda ya shiga.

Da na isa gida Hajiya ta dube ni a bakin ƙofa, daga sama har ƙasa. Sannan ta ce, "An gani?"

Na ce, "An gani."

Yanzu ga yadda lissafin ya tsaya. Mota ta cika, mai sayena bai nemi wani ba, ribar dai siririya ce kamar mai gangar. Shadda ta tafi. Bitrus ya ce har yau da ita Baba ke kiɗa ranar kasuwa, kuma har yau ba a karɓar ko dala. Tun daga shekarar ni yake fara kira in zai buɗe rumbu, sai dai kafin ya faɗi kuɗi yakan ce, "Zauna tukuna, ɗana," kuma ban taɓa iya tashi a gabansa ba. A tasha sunana ya koma Alhaji Singileti, har masu lodin da ba a haifa ba lokacin da na fara sana'a haka suke kirana. Ita singiletin tana madafa, an ba ta aikin da ya dace da ita.

Na koyi cewa in mutane sun ce kyauta ne, wani lokaci kyautar ce. Kuma na sayi mazagi dozin guda, na fata, masu tsada. Shi ne kaɗai abin da na taɓa saya ban taya ba, in ka cire ayar Baba Ishaya.