Askin da Na Yi wa Barkonon Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da surukina ya kwanta ciwon ƙafa, ya bar mini kula da gonar barkononsa a bayan Yashe.

Ni mutum ne mai son tsari. Da na ga barkonon ya yi cunkus, wannan ya ɗara wancan tsayi, sai raina ya ƙi kwanciya. In zauna, in tashi, in sake komawa gonar. Ana nan, a motar Kankiya na ji wani fasinja yana cewa in an datse kan barkono yakan ƙara rassa, ya ƙara 'ya'ya. (Yaushe ake datsewar? Ban ji ba, an iso inda zan sauka.)

Da farko na aro almakashin tela. Sannan na kafa turaku na ja igiya daga bakin gona zuwa ƙarshenta. Daga nan duk abin da ya haura igiyar na fille shi, har da fure da 'ya'yan da suka fara fitowa. Na ja baya na duba, na yaba wa kaina.

Da tsohon ya samu sauƙi, ya dogara sanda muka tafi tare. Yana hango gonar ya saki salati.

"Shanun Buba ne! Wallahi yau sai ya biya ni."

Buba makiyayi ne, rugarsu na gefen gonar. Na buɗe baki, kunyar suruki ta rufe mini shi. Kafin in gama shawara da zuciyata an kira Buba, an kira mai unguwa, mutane sun taru. Ni kuwa sai gyara hula nake yi.

Buba ya bi kunyoyin gonar ɗaya bayan ɗaya yana dubawa. Ba sawun kofato, ba kashin shanu. Ya tsuguna, ya kanne ido ɗaya ya hangi saman shukar.

"Baba, shanuna dai ba su je makaranta ba. Wanga ci da awo aka yi shi."

Mai unguwa ya ce duk da haka a kai maganar gaba. Nan na ga za a ci mutumin da bai ci komai ba. Na durƙusa na ce, "Baba, ni ne."

"Kai ne mi?"

"Ni ne shanun."

Dariyar da aka yi, har Buba sai da ya riƙe ciki. Tsohon bai yi ba. Ya ba Buba haƙuri, ya dube ni ya ce, "Allah shi kyauta," ya juya.

Barkonon ya sake toho, amma ruwa ya ɗauke kafin ya nuna. Yanzu ga tsarina: in za ka datse barkono, na ɗaya, yana ƙarami, kafin fure. Na biyu, ka tambayi manomi. Na uku, ka tabbata gonar taka ce.