Yaƙin Hambali da Kujerar Ƙarƙashin Fanka

Da sunan Mai kowa mai komai muke buɗe labarin Hambali ɗan Tanimu, jikan Na'Allah mai gyaran rediyo, tattaɓa-kunnen wanda ya fara ɗaura agogo a Funtuwa ba tare da ya iya duba shi ba. Sadaukin maɓallai, Garkuwan makarantar koyon kwamfuta ta bayan tasha, dodon wayoyi, gagara tashi!

A ofishin nan kujera ɗaya ce ke ƙarƙashin fanka, kuma dokar wurin ita ce wanda ya tashi ya rasa. Hambali ya kama ta, abokin aikinsa Zulkifilu kuwa na tsaye yana gumi yana haƙon ta. Sai umarni ya zo daga shugaba cewa a shirya dukkan kwamfutoci kafin ɗalibai su iso. Nan fa gwarzo ya yi alwashi a bainar jama'a: daga zaune zai rubuta umarni guda da zai shirya su baki ɗaya.

Amma ina! Rundunonin kwamfutocin sun sha bamban. Ga dakarun Windows, ga mayaƙan Linux, ga wata Mac mai ji da kanta, kuma kowacce da irin Python ɗinta, wato tafintan da ke fassara wa na'ura maganar ɗan Adam. Wata na riƙe da tsohon tafinta na biyu, wata na uku, abin da wannan ya ji wancan ya ce bai san zancen ba. Jajayen rubutun kuskure suka cika allo kamar an yanka kaza.

"Yau ko ni ko ku!" in ji Hambali.

Ya zare yatsunsa masu alfarma, ya ƙera umarni mai hikima da basira wanda zai tambayi kowace na'ura asalinta da nasabarta, ya tuɓe tsohon tafinta, ya naɗa na uku. Ɗaya bayan ɗaya suka yi mubaya'a.

Saura ɗaya a lungu, sabuwa fil, ta yi gum. Ba ta da tafinta ko ɗaya, shi kuwa gogan naka da Python ya rubuta umarnin da zai saka mata Python.

Ya danna, ya sake dannawa, ya yi mata Fatiha. Ga hayaniyar ɗalibai a bakin ƙofa.

Sadauki ya miƙe.

Bai kai lungun ba ya ji kujera ta yi ƙara a bayansa.

"Alhamdu lillahi," in ji Zulkifilu. "Malam, in za ka dawo ƙara mana fankar."