Gwangwani Arba'in

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shayar da jif ɗin kamfaninmu ba, ko da zan manta hanyar gidanmu.

Lokacin ina masinja a wani kamfanin jima a Challawa, shekara huɗu ina yawo da takardu a kan keke. Da direban jif ɗin da ke shiga ƙauyuka sayen fatu ya yi ritaya, sai na kai wa Manaja sabon lasina na tuƙi. Ya ce zai gwada ni mako guda, in na yi, kujerar tawa ce. Ya tambaye ni ko na san inji, na ce kamar yunwar cikina. (Allah ya yafe mini, ko bonet ban taɓa buɗewa ba.)

Ranar Litinin ya ce, "Gobe za ku ƙauyukan Karaye, hanyar ba kyau. Ka yi wa jif juye."

Na tafi sito karɓo baƙin mai wajen Malam Tanko, dattijon da ya daɗe yana kanikanci kafin ciwon ƙafa ya zaunar da shi. Ya ce, "Talatin ko arba'in?"

Yanzu na san kaurin mai yake tambaya, wato lambar da ke jikin galan. A ranar kuwa na ɗauka yawa yake nufi, ni kuma ban gaji rowa ba. Na ce arba'in. Ya gyaɗa kai ya ce, "Daidai ne, da zafin nan mai kauri ya fi mata." Na fito da galan biyu ina tafiyar injiniyoyi.

Sai dai arba'in ɗin me? Cokali ya yi kaɗan, bokiti ya yi yawa. Na je na aro gwangwanin madara wajen mai shayin bakin ƙofa, tunda da shi ake awon komai a garin nan. Na auna arba'in cif, kowanne da bisimilla. Batun juye kuwa ai Hausa ce: na juye mata shi a ciki. Babu wanda ya gaya mini ana fara kwance ƙasa a zubar da tsohon man, saboda babu wanda na tambaya.

Ana tashi cin abincin rana, Manaja ya fito ganin aikina. Na tayar da ita, na ɗan taka totur don burgewa. Sai ta karɓe da kanta. Ƙara ta yi sama, hayaƙi ya rufe harabar, ma'aikata suka watse, mai tuwo ta bar tukunyarta. Na murɗa makulli, na zare shi gaba ɗaya, motar ba ta ma san na yi ba.

Na diro, na ruga wajen Manaja ina ɗaga makullin sama. "Ranka ya daɗe, na kashe ta, ga shaida!" A bayana kuwa tana ta ihu.

Malam Tanko ya iso da ɗingishinsa, ya buɗe bonet, ya ce in tuɓe rigata. Ya dunƙule ta ya cusa a inda inji ke shan iska. Ta shaƙe, ta yi shiru. Ya ce injin gas ne, baƙin mai ya yi masa yawa har ya koma shan sa a madadin gas, makulli ba ya tsayar da irin wannan. Sannan ya dube ni, ina tsaye daga ni sai singileti.

"Nawa ka zuba?"

"Arba'in, Malam, yadda kuka ce."

"Arba'in me?"

Kafin in buɗe baki, mai shayi ya leƙo ta cikin sauran hayaƙin ya ce in na gama da gwangwaninsa yana da masu jira.

Jif ta yi kwana tara a gareji, ni na yi ƙarin shekara uku a kan keke, sunana ya koma Arba'in har wajen masu gadi. Abin da ya fi ci mini rai, daga baya Malam Tanko ya auna gwangwanin ya ce awona daidai yake da cikin motar, da na zubar da tsohon da na ci kujerar.

Tun daga ranar, ko gishiri aka aike ni saye daga gida, ba na fita sai na ji wane iri, da me ake aunawa, kuma na jiya ya ƙare ko yana nan.