Yadda Za Ki Mayar Da Duwatsun Mijinki Bakin Teku Ba Tare Da Ya Sani Ba

'Yar'uwa, idan Allah ya haɗa ki da miji mai tsintar duwatsu, share hawayenki. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi miki alkawari cikin Asabar huɗu za ki ga daɓen ɗakin da kika manta launinsa. Ba shaci-faɗi nake yi ba. Maƙwabciyata Glenys ta gwada a kan idona, kuma ni na tsara mata komai ta saman shinge.

Mijinta Clarrie ya shekara talatin da ɗaya yana kwaso duwatsu daga wani lungu na gaɓar teku. Sun cika baranda, sun cika tagogi, sun cinye ɗakin 'yarsu Narelle har ƙofa ba ta buɗuwa sai rabi. Ana nan sai Narelle ta bugo waya daga birnin Darwin, ta ce tana tafe ƙarshen wata da jaririnta.

"Mama, in babu wurin gadon yaro a ɗakina, gidan surukata zan sauka."

Surukar nan, Bev, layi biyu ne tsakanin gidanta da na su Glenys. Jikan Glenys na fari ya kwana a gidan Bev, ita kuma ta riƙa zuwa ganinsa kamar baƙuwa? Glenys ta ce sai dai bayan ranta.

Mataki na 1: Kada ki roƙe shi

Ɓata yawu ne. Glenys ta roƙa, har da tausasa murya. Clarrie ya shiga ɗakin da kyakkyawar niyya, ya ɗauki dutse ɗaya, ya ce, "Wannan ranar da aka yi ƙanƙara na samo shi." Ya ajiye. Ya ɗauki wani, shi ma da tarihinsa. Bayan awa uku ya fito da guda ɗaya tak, ya kai shi ɗakin barcinsu.

Mataki na 2: Kada ki zuba a shara, kada ki binne

Motar shara ta ɗaga kwandon Glenys rabi, ta yi nishi, ta dire shi. Direban ya leƙo ya tambaya ko gini suke rushewa.

Binnewa kuwa ta fi muni. Ta tura guda goma ƙarƙashin kunyar dankali, Clarrie ya haƙo su da safe, ya shigo da gudu yana cewa ashe gidansu a kan tsohuwar gaɓar teku yake. Da ƙyar aka hana shi fasa daɓen kicin.

Masana, wato ni, sun tabbatar cewa dutse ba ya ɓacewa sai a cikin 'yan'uwansa. Inda aka ɗauko shi za ki mayar.

Mataki na 3: Ki ce za ki raka shi

Ki faɗa a wurin karin kumallo, kina shafa wa burodi bota, kamar ba komai ba. Da Glenys ta faɗa, cokali ya suɓuce daga hannun Clarrie.

"Ke? Ke da kika ce iskar wurin tana sa miki ciwon kunne? Rabonki da zuwa ai ya kai shekara ashirin."

"Likita ya ce in riƙa tafiya a ƙasa."

Riƙe likitan nan da kyau, za ki sake buƙatarsa.

Mataki na 4: Kular abinci

Jera duwatsu a ƙasan kula, shimfiɗa tawul, ɗora burodi da cuku da dafaffen ƙwai a sama. Sha huɗu sun isa a tafiyar farko. Ki tuna mota tana tsayawa ne a ƙofar gonar tumaki, daga nan sai ƙafa: shinge uku za ki tsallaka, sannan gangaren da ko tumakin ba sa bin sa sai dole.

Duk rintsi kada ki bari ya karɓi kular.

"Kawo in riƙe miki, Glen, kin karkace gefe guda."

"Bar ni! Likita ya ce in riƙa ɗaukar kaya."

"Wane irin burodi ne wannan, don Allah?"

"Bai tashi ba."

Mataki na 5: Zubarwa

Jira har ya sunkuya. Mai tsintar duwatsu in ya kafa kai ƙasa ya ɗaga ƙugu sama, ko jirgin ruwa ne ya kife ba zai waiwayo ba. Kada ki jefa cikin ruwa, ƙarar za ta tona ki. Ki riƙa saki ɗaya ɗaya kina tafiya, kina tari a kan kowanne. Glenys ta yi tari sha huɗu, ta zauna ta zuba shayi, zuciyarta fes.

Mataki na 6: In ya tsince su, ki taya shi murna

Zai tsince su. Na manta ban gaya wa Glenys wannan ba.

"Glen! Zo ki ga ikon Allah! Mai zane kamar yankakkiyar albasa! Sak wanda nake da shi a gida!"

Ta je, ta duba, ta ce, "Kai, tsoho, ka iya sa'a." Kafin ruwan teku ya fara cikowa ya rufe gaɓar ya tsinci sha huɗun nan kaf, ya ƙara da sababbi shida. Ita ta taya shi ɗaukar bokitin a hawan gangare.

Kada ki kira wannan asara. Kin fita da sha huɗu, kin dawo da ashirin, kowane ɗan kasuwa zai ce miki an ci gaba.

Mataki na 7: Ki ƙara wayo

Asabar ta biyu ta cusa su ƙarƙashin tulin ciyawar teku mai wari. Ya ɗaga ciyawar da sanda. Asabar ta uku ta zura hannu tana ɓoye su cikin wani ramin ruwa tsakanin duwatsu, ƙaguwa ta kama mata yatsa, ta yi ihu, ya zo ceto, ya fito da ƙaguwar da duwatsu tara.

A nan akwai haɗari, ki kula. Za ku zauna shan shayi, zai nuna miki yadda ake lasar dutse don launinsa ya fito. Kada ki lasa. Glenys ta lasa, baƙin dutsen ya koma ja kamar nama, ta ce, "La!" Da ta ba ni labari tana murmushi, na ce mata, "Glenys, aiki aka aike ki, ba yawon amarci ba."

Mataki na 8: In Asabar ta huɗu ta zo ɗaki bai ragu ba

A gaskiya tsarina bai tanadi wannan ba, sai dai in gaya miki abin da Glenys ta yi. Narelle za ta sauka ranar Laraba. Bev ta riga ta rataya labule mai hoton agwagi a ɗakin da ta tanadar wa jariri, ta kuma tabbatar kowa ya gani. Glenys ta sauko gangaren nan da kula cike, ta tsaya gaban Clarrie, ta kifar da ita, duwatsu da ƙwai da komai.

"Ga su nan! Ni nake zubarwa, kai kana kwashewa! Mako huɗu bayana kamar zai tsinke, jikana kuma zai kwana gidan Bev!"

Clarrie ya tsuguna ya ɗauki ƙwai ɗaya, ya hure masa yashi.

"Ai na sani."

"Ka san me?"

"Tun ranar farko. Glen, kowannensu da hannuna na goge shi na shafa masa mai. Ina kika taɓa ganin teku ta shafa wa dutse mai?"

"To don me kake kwaso su, mugun tsoho?"

Ya daɗe yana juya ƙwan a hannu.

"In na bar su, ɗakin zai yi fili. In ya yi fili, kin daina zuwa ke nan." Ya nuna faffaɗan dutsen da suke zama a kai. "Na gaji da shan shayi ni kaɗai a can."

Glenys ta ce mini haushi da tausayi suka taso mata lokaci guda, ta rasa wanda za ta fara da shi. Ta kira shi sakarai, ta kira shi maƙaryaci, ta fashe da kuka, sannan ta karɓe ƙwan ta ɓare masa.

Washegari da sassafe Clarrie ya aro baro. Kafin azahar ɗakin Narelle ya zama wayam, an share, an kafa gadon yaro. Ranar Laraba jariri ya kwana a gidan kakarsa Glenys, Bev ta zo gani da ƙafarta, aka ba ta kujera da shayi.

Kin ga dai tsarina ya yi aiki.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ta da alhakin ciwon baya, cizon ƙaguwa, ko gaba da surukar 'yarki. Kada kuma ki tambaye ni inda za ki kai duwatsun, domin na Clarrie suna garejina. An ce mini na kwana biyu ne, yau wata bakwai motata tana kwana a waje, su biyun kuma duk Asabar sai sun ƙwanƙwasa mini da sabon bokiti. In kika bi matakan nan kika wayi gari kina son tsohonki fiye da da, ki kuka da kanki. Ni ɗaki kawai na yi miki alkawari.