Injiniya Mudi da Wayoyin Zare

Allah ya jiƙan Mudi, Bebeji ba ta taɓa haifar masani irinsa ba, kuma shi ya fara faɗin haka. Wata bakwai ya yi a Kano yana riƙe wa ma'aikatan lantarki sandar awo. Ya dawo a 1956 da fensir a kunne, ya ce a riƙa kiransa Injiniya. A bayan idonsa Sarkin Zare ake ce masa.

A zaurensa ya shimfiɗa ƙasar nan kaf. Karan dawa ne turaku, zaren saƙa ne waya, tun daga Kiru har Doguwa. Kowane gida da tsinkensa. Wanda ya gaishe shi a tsaye, sai Mudi ya ɗauko almakashi.

"Mamman, na yanke ka. Kai da wuta sai ta murhu."

Mamman mahauci ya yi dariya, amma washegari ya aiko da tsire, aka ƙulle masa zarensa.

Buri ɗaya gare shi: ranar da gwamnati za ta jawo wuta kudu, a naɗa shi shugaban aikin. Rannan da hantsi motar wani injiniyan gwamnati na gaske ta mutu a bakin gari. Mudi ya zuba babbar riga, ya jawo baƙon har zaure, rabin gari na biye.

Baƙon ya tsuguna, ya bi zaren da yatsa. Ya bi ta Badafi, ya zaga Tudun Wada, ya dawo. Duk inda ya bi, zaren a ƙafar kujerar Mudi yake ƙarewa.

"Malam, aiki ya yi kyau. Amma ina injin da zai ba da wutar?"

Mudi ya gyara hula. "Ranka ya daɗe, inji ai ƙaramin al'amari ne. Daga nan ake ba da umarni."

Baƙon ya ce lallai akwai aikin da ya dace da mutum irinsa, ya biyo shi. Mudi ya bi shi yana ɗaga wa jama'a hannu.

Turin mota ne. Ya tura har gangaren rafi, riga ta yage, takalmi ɗaya ya maƙale a laka, motar ta tashi ta bar shi cikin hayaƙi.

Har ya koma ga Mahaliccinsa yana ba da labarin ranar da injin gwamnati ya gagari kowa sai shi. Mu da muke ƙaunarsa ba mu taɓa musa masa ba. Ai ya tura.